Motar da Ta Ƙi Zuwa Tsiga

Asabar, 15 ga Agusta, 1981

Yau na buɗe bonet ɗin Bajimi, karo na farko tun da Yaya Jibo ya faɗi. Shi ya raɗa mata sunan. Ja ce, 'yar Amurka, ƙofa biyu, silinda takwas, ya saye ta hannun wani Bature injiniya da ya gama aikin gona a nan Funtuwa zai koma ƙasarsu. Ran da ya shigo da ita, har katanga ya fasa ya yi mata ƙofa, na ce masa wannan ai ba mota ba ce, rijiyar fetur ce. Ya yi ta dariya. Lokacin yana da bakin dariya.

Yanzu ɓarin dama duk ya shanye, hannu da ƙafa, baki ya karkace, magana ta tafi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan babbar mota da auduga har Legas, yau sai an tallafe shi yake jan ƙafa. Kalma biyu suka rage masa, "to" da "Allah".

Ran Laraba likita a Malumfashi ya ja ni gefe. Ya ce jinin ya ƙi sauka, in ya sake bugunsa ba lalle ya tashi ba, duk wanda ya kamata ya gan shi a bari ya gan shi. To wa ya kamata in ba Tsohuwa, mahaifiyarmu, ba? Ita kuwa ba za ta zo ba, na san halin gidanmu. Ɗan farinta ne. Mun bar ruga tun zamanin kakanni, Fulatancin ma ya tsere mana, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Ba ta zuwa gidansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ko da cikinta na ci da wuta. Sai dai a kai mata shi Tsiga.

Na ce masa zan roƙi a-kori-kura a wurin aiki, mu shimfiɗa masa katifa a baya. Ya girgiza kai har hula ta faɗi. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna Bajimi can ƙarƙashin darbejiya. Na gane, ba ya so a sauke shi a ƙofar gidan uwarsa kamar buhun masara. Na ce, "Yaya, na yi maka alkawari, a cikinta za ka je." Ya ce, "To."

Batir ya yi sanyi, na aro wani na haɗa. Inji na juyawa amma wuta ba ta zuwa fulogi.

Lahadi, 16 ga Agusta

Ni makanikin tarakta ne, dizal na sani, shi kuwa ba ruwansa da tartsatsin wuta. Amma na bi waya har na isa distirbuta, 'yar tukunyar nan da ke raba wa fulogai wuta bi da bi. Wanda ya ƙera motar, Allah ya shirye shi, can ƙuryar inji ya kai ta, sai ka kwanta rub da ciki kafin hannunka ya taɓo. Na cire murfi. Kwantak ɗin ciki, ɗan ƙarfe mai baki biyu da ke buɗewa yana rufewa, ya yi tsatsa saboda zama da damina. Na goge shi da samfefa, na auna tsakaninsa da kwalin sigari, na murɗa makulli.

Ta tashi! Kai, kaji suka watse, akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Asma'u, matar Yaya, ta fito da ludayi a hannu tana cewa, "Malam Sada, ashe dai kana da amfani!" Na waiga in ga fuskar Yaya a kan kujerarsa. Kallon motar kawai yake, bai yi murna yadda na zata ba. Na ce mu kama hanya yanzu-yanzu, ya dafe kai ya rufe ido. Asma'u ta ce a bari ya huta sai Lahadi mai zuwa, tunda ita kaɗai ce ranar da nake da ita.

Lahadi, 23 ga Agusta

Asma'u ta yi masa wanka, ta sa masa shuɗiyar riga, ta ƙulle tsarabar Tsohuwa, sabulu da sukari da goro. Na tallafo shi har bakin mota. Na murɗa. Gir-gir-gir, shiru. Na sake, na sake, har batir ya fara nishi.

Kwantak ya ƙone ƙurmus, bakinsa ya yi shuɗi ya rarake. Mota na tsaye a inuwa fa, ba wanda ya tuƙa ta! Muka mai da shi ɗaki da rigarsa a jiki. Ban iya cin tuwo ba.

Talata, 25 ga Agusta

Na je shagon Ambrose mai kayan mota a bakin tasha. A garinmu aka haife shi, tare suka yi wasan ƙasa da Yaya, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya juya ƙonannen kwantak a tafin hannu ya ce, "Sada, wannan motar ba ta da dangi a ƙasar nan. Da Fijo ce, ko a aljihuna sai in zaro maka." Zai aika Kaduna a duba.

Ya tambayi jikin mutuminsa, na ce da sauƙi. Ya dube ni ya ce ni dai ban iya ƙarya ba tun ina yawo ba wando.

Alhamis, 3 ga Satumba

Kwantak guda biyu aka samo. Na sa ɗaya bayan na taso aiki, na fita da ita hanyar Bakori in gwada. Wallahi sai yau na fahimci abin da ya haukata Yaya a kanta. Ka ɗan taɓa totur kawai, sai ka ji an manna bayanka da kujera. Na dawo ina ta zuba masa labari kamar ni na ƙera ta. Ya ce, "To."

Lahadi, 6 ga Satumba

Ta sake cinyewa. Innalillahi.

Litinin, 7 ga Satumba

Na je na yi wa Ambrose tas a gaban masu sayayya. Na ce jabu ya sa aka kawo mini, in ba ya so ya taimaka ya faɗa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Jibo zan sayar wa jabu? Je ka gida, Sada, ranka ne a ɓace." Na jefa masa ƙonannen a kan kanta na fita. Zuciyata dai, kullum ita ke riga ni isa wuri.

Lahadi, 13 ga Satumba

Na hau babur na je Tsiga ni kaɗai. Na tarar da Tsohuwa tana tsince wake a faifai, ta rame, gwiwoyin nan sun kumbura. Ta tambayi matata, ta tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi Asma'u da nata, har ta tambayi ko an gyara kwatar da ke ƙofar gidana. Can da na miƙe zan tafi, idonta a kan wake, ta ce, "Mutanen gidan can fa, suna cin abinci?"

Na ce suna ci. Na ce mota ce ta ɗan samu matsala, da ta gyaru za a zo. Ta ce, "Mota." Ta ba ni man shanu a kwalba, ta ce na Asma'u ne, wai ta ji an ce yana da kyau a shafa wa gaɓoɓi.

A hanyar dawowa sai da na tsaya gindin wata ɗorawa, ido ya hana ni ganin hanya.

Asabar, 19 ga Satumba

Na kawo Ganiyu mai gyaran wayoyi. Ya bi waya ɗaya-ɗaya da 'yar fitilarsa, ya ce komai na nan daidai. Abin da ke ƙona kwantak haka, in ji shi, ko kwandensa ta mutu, ko kwayil na ba da wuta fiye da kima, ko kuwa wani na barin makulli a kunne inji ba ya aiki. Na ce na ƙarshen nan cire shi, gidan daga mai shanyewar jiki sai mace da yara ƙanana, wa zai taɓa? Muka canza kwandensa, muka canza kwayil, muka sa kwantak na biyu. Ta tashi lafiya lau. Ganiyu ya ce in ta sake, sai dai a kira malamai su yi mata tofi.

Yaya ya wuni da ciwon kai, in ji Asma'u. Gobe ba tafiya.

Laraba, 30 ga Satumba

Na biyun ma ya tafi, tun Lahadi. Ban iya rubutawa ba sai yau.

Na cire distirbutar gaba ɗaya na zo da ita gida. Na wanke da fetur, na girgiza sandarta in ji ko ta yi lako-lako, na haska murfin ko akwai tsaga, na ƙara mata wayar ƙasa sabuwa. Ba abin da na gani. Ta zauna a kan tabarma tana kallona ina kallonta. Matata ta ce tun da ta aure ni ba ta taɓa ganin na yi wa mutum irin wannan jinya ba.

Yaya kuwa ƙasa yake yi. Cokali ya fara faɗuwa daga hannun hagun ma. Jiya ya daɗe yana kallona kamar zai ce wani abu, bakin na rawa, sai miyau ya zubo. Ya kau da kai. Ina jin tsoro, wallahi ina jin tsoro kada in cika alkawarin nan da gawa.

Asabar, 10 ga Oktoba

Babbar Sallah ta zo ta wuce. Na so a ce a Tsiga muka yanka ragon.

Ambrose ya zo barka da Sallah, ya ajiye mini kwantak sabo a kan bonet, bai ce komai game da rashin kunyar da na yi masa ba. Wai sai da aka je har Onica, kuma kada in sa rai da wani. Ya zauna kusa da Yaya ya yi ta ba shi labarin ranar da suka saci rake mai gona ya bi su har cikin kududdufi. Yaya ya yi wani sauti, ina jin dariya ce. Da na raka Ambrose waje ya jingina da katanga ya yi ta sharar hawaye da hularsa, ƙato da shi. Na ce ya yafe mini. Ya ce in rufe masa baki.

Na mayar da distirbuta, na sa sabon. Ban ma tayar da ita ba, tsoro nake.

Talata, 13 ga Oktoba

An tashe mu da wuri yau, sai na biya gidan Yaya bayan azahar, lokacin da ban saba zuwa ba. Tun daga zaure na ji kiɗan garaya a rediyo. Na leƙa. Yaya ne zaune a kujerar direba, hannun hagu kan sitiyari, ido a rufe. Asma'u na gefensa tana saƙar hula. Ƙofofi a buɗe, iska na kaɗawa. Jar fitilar nan ta gaban direba tana ci, inji kuwa shiru.

Na ɗaga bonet na taɓa kwayil, sai da na yarfe hannu don zafi. Makulli a kunne!

Ban san sanda na fara ba. Na ce mata ashe ita ce, ni ina can ina zagin bayin Allah a kasuwa, ina kwana da ƙarfe, ita tana nan tana sauraren garaya. Na ce in mijinta ya mutu bai ga uwarsa ba, ta san wanda za ta tambaya. A gabansa na faɗi haka, tir da bakina. Ta tashi ta shige ɗaki, saƙar ta faɗi a ƙasa. Yaya ya dinga dukan sitiyari da hannun hagu, hon na ƙara, yana cewa "Allah, Allah," har jijiyar wuyansa ta fito.

Na zare makulli. Allah ya sa na zo da wuri, kwantak ɗin ya ɗan yi duhu ne kawai, na goge.

Laraba, 14 ga Oktoba

Na je ba Asma'u haƙuri. Ta tsaya daga bakin ƙofar ɗaki, ido a kumbure. Ta ce ba haƙuri take so ba, so take in ji.

"Malam Sada, tun da aka sallamo shi daga asibiti, kullum bayan azahar a cikin motar nan nake zaunar da shi. Nan kaɗai yake samun barci. Ranar farko ya kama hannuna ya nuna mini in murɗa makullin baya, wajen hagu. Rediyo ta kama, ba wata jar fitila. Haka muka yi ta yi. Sai bayan ranar da ka tayar da ita ya canza. In na murɗa baya, sai ya miƙo hannun hagu ya tura shi gaba. Ni na zaci sauti ya fi fita a can. Ina na san wani kwantak?"

Na je na gwada. Haka ne, makullin na juyawa baya, rediyo kaɗai ke samun wuta. Ni da ke kiran kaina makaniki ban sani ba, ban taɓa tuƙa irinta ba.

Shi ya sani. Direba ne tun ban fara gemu ba, ya san abin da barin makulli a kunne ke yi wa kwantak. Ran nan da ya nuna mini ita a gindin darbejiya, ya nuna ne don ya san ba ta tashi.

Alhamis, 15 ga Oktoba

Na sa Asma'u ta fita da yara, na zauna gabansa a kan tabarma. Na ce, "Yaya, kai ne ke ƙona ta?"

Bai kau da kai ba. Ya kamo hannuna ya ɗora a kan kumatunsa na dama, wanda ya zube, ya gangaro da shi har gefen bakin da ke jiƙe. Ya ɗaga mataccen hannun da mai rai ya sake shi, ya faɗi tim a cinyarsa. Sannan ya nuna wajen Tsiga ya girgiza kai.

Wayyo. Ni ina ta fama da ƙarfe, ban taɓa tambayarsa ko yana son zuwa ba. Duk zuwan da ya taɓa yi gida, da ƙarfinsa ya je, ya sauke buhuna, ya ɗaga ƙofar da ta faɗi, ya tafi. Ita ba ta kallonsa a gaban mutane amma ya san tana kallo ta gefen ido, shi ke nan abin da ke tsakaninsu tun yana yaro. Ba ya so gefen idon nan ya ga wannan.

Na ce, "Kana tsammani ba ta sani ba? Man shanun nan da ake shafa maka, ka ɗauka na Asma'u ne da gaske?" Sai na faɗa masa abin da likita ya ce, duka, ban rage ba. In kuskure na yi Allah ya yafe mini. Ya rufe ido ya ce, "Allah."

Na sa masa makulli a tafin hannu. Na ce kwantak ɗin da ke ciki shi ne na ƙarshe, babu wani a ƙasar nan. In ya ga dama ya ƙone shi, ba zan sake cewa uffan ba.

Lahadi, 18 ga Oktoba

Ban je gidan ba. Na zauna ina gyaran keken 'yata da ba abin da ya same shi.

Alhamis, 22 ga Oktoba

Maiwada, maƙwabcin Tsohuwa, ya shigo gari sayen buhuna, muka je gidan Yaya tare. Ya ajiye ƙwaryar fura, ya gaisa, sannan ya gyara murya ya ce an ba shi saƙo.

"Ta ce a faɗa wa mutanen gidan nan, saniyar nan mai farin goshi ta haihu, mace. In mai ita na son ganin 'yar maraƙar, to. In ba ya so, shi ke nan."

Saniyar Yaya ce, jikar jikar wadda aka ba shi ranar suna. Maiwada ya ce har bakin hanya ta biyo shi da gwiwoyin nan tana maimaita masa, kada ya manta, mace ce. Yaya na jingine ido a rufe, ban san ko ya ji ba.

Da zan fita na saci kallon Bajimi. Ganyen darbejiya ya taru a kan gilashi. Asma'u ta ce tun ran nan bai yarda an kai shi ciki ba, barcin rana ma ya daina.

Lahadi, 25 ga Oktoba

Da hantsi Asma'u ta aiko in zo. Na zo a guje. Na tarar da shi zaune a zaure cikin shuɗiyar riga, an karya masa hula, makulli a hannu. Ya miƙo mini.

Murɗa ɗaya ta tashi.

Ba mu yi magana a hanya ba, da me za mu yi? Dawa ta sunkuya da kai, auduga ta fara fashewa fari-fari. Ya kafa ido a gonaki. Bayan Bakori na ɗan taka ta saboda shi, ya buga gwiwata da hannun hagu, na rage, ya sake bugawa, ashe ƙari yake so.

Da muka shigo unguwa yara suka biyo mu da ihu. Zan tsaya a ƙofar gida ya riƙe sitiyari, ya yi mini alama in juya. Sai da na juya na gane: ɓarinsa na dama ne zai fuskanci ƙofa. Na tsaya yadda ni ne ke wajen gida, shi yana can gefe, lafiyayyen kumatun na kallonmu.

Tsohuwa ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito, da sabon mayafi ta fito. Ta tsaya wajen tagata ta gaishe ni, gaisuwa mai tsawo kamar na shekara ban zo ba. Ina Asma'u, ina yara, ya hanya. Sannan ta dubi bonet ta ce, "An zo lafiya?" Ya ce, "To." Muryar ta fita a karkace. Na ga yatsunta sun damƙe bakin taga.

Ta ce shanun na can bayan gonaki, ita kuwa gwiwa ba za ta kai ta ba, in kai ta a wannan abin namu. Tsohuwa da ba ta taɓa yarda ta sa ƙafa a motar nan ba, cewa take ƙararta na tsinka wa shanu nono! Na fito na kwantar da kujerata, na taimaka mata ta shiga baya. Ta ce nan rana ta yi yawa, ta ja jiki, ta ja jiki, har ta koma daidai bayansa.

Na ja a hankali. Ta yi ta ba ni labari, ni kaɗai, Sada kaza, Sada kaza. Wuta-wuta ta ci gonar wane, 'yar wance ta yi ɓari, rijiyar masallaci ta rufta. Na ɗaga ido na dubi madubi. Hannunta na kan wuyan rigarsa tana gyarawa. Ta gama gyarawa hannun bai sauka ba, ya zauna a ƙeyarsa. Mota ta faɗa wani rami, kansa ya karkata, miyau ya zubo. Ta kamo bakin sabon mayafin ta zagayo da shi ta baya ta share masa, tana cikin faɗa mini kuɗin gishiri ya tashi, ko numfashi ba ta canza ba. Kafaɗunsa suka fara rawa. Na mai da idona kan hanya.

An kawo 'yar maraƙar har bakin taga, ya shafa goshinta. Ita Tsohuwa ko kallonta ba ta yi ba.

Da muka juyo na nufi gida, ta ce, "Sada, zaga ta hanyar rafi. Ba sauri muke ba." Na zaga. Muka fito ta ce in bi ta wajen makarantar boko ta ga sabon ginin da ake faɗa. Daga nan ta ce ta tuna akwai wata gona da take so in gani. Babu wata gona. Na yi ta zagaya Tsiga da su har la'asar ta yi sanyi, allurar fetur ta kwanta.

Da ta sauka ta ce mini in gaida mutanen gida, in riƙa tuƙi a hankali. Ta shige ba ta waiwayo ba.

Juma'a, 6 ga Nuwamba

Yaya Jibo ya rasu yau bayan sallar asuba. Jinin ne ya sake bugunsa, bai farfaɗo ba. Mun kai shi kafin sallar Juma'a. Ambrose ya tsaya daga bakin maƙabarta har aka gama.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Allah ya sa ka huta.

Asabar, 7 ga Nuwamba

Ni na je na faɗa wa Tsohuwa, ban yarda a aika ba. Tana shiƙar gero. Ta ce innalillahi, ta ce Allah ya jiƙan musulmi, ta ci gaba da shiƙa. Mata suka cika gida suna kuka, ita tana ba su haƙuri. Sai da zan tafi ta biyo ni zaure, ta dubi bango ta ce, "Ba a sha wuya ba dai?" Na ce ba a sha ba. Ta ce to madalla.

Talata, 1 ga Disamba

Wani dillali ya zo wai yana da mai son motar in an tashi rabon gado. Na ce masa ya dawo wani lokaci, ba ta gama gyaruwa ba.

Lahadi, 13 ga Disamba

Na je Tsiga yau ma. Ba don komai ba, mota in ba a motsa ta lalacewa take, kuma Asma'u na takaba, wani ya kamata ya kula. Kwantak ɗin Ambrose na nan fes, ko duhu bai yi ba.

Ban ce wa Tsohuwa ta zo ba, ita ma ba ta ce in kai ta ba. Na dai kwantar da kujerata ina kakkaɓe ƙasa, sai ga ta da mayafi. Ta shiga ta ja jiki zuwa can gefen. Yau ba labari, ba wuta-wuta, ba rijiya. Muka bi ta rafi muka dawo. Na karkatar da madubin sama tun kafin mu tashi, ya fi mini.

A bakin kasuwa Maiwada ya tsai da mu da buhunsa, wai in rage masa hanya zuwa Bakori in na sauke ta. Ya kama ƙofar gaba zai buɗe. Na ce masa kujerar nan ta lalace, ƙarfe ya fito, ya jira motar haya. Ya leƙa ya dubi kujerar, ya dubi Tsohuwa a bayanta, ya saki ƙofar ya ce Allah ya kiyaye hanya.